Wane Mai Ƙotar Bindiga Ke Sha? Tarihin Adaka Daga Bakin Teku Zuwa Taba



A zauren gidanmu na Taba akwai wata adaka da ke rataye tun kafin a haife ni. Ta kakana ce, Allah Ya jiƙansa, manomi ne da damina, mafarauci da rani. Bakinta ya yi tsatsa, kunamarta ta daskare, amma ƙotar tana nan garau, ta yi baƙi wuluk, kuma daidai wuyanta inda hannu ke kamawa sai sheƙi take yi. In ka kai hanci kusa za ka ji ƙanshin tsohon man kaɗanya haɗe da hayaƙi.

Shekarun baya na rubuta wani gajeren labari na mafarauci, na ce ya zauna yana goge bindigarsa da mai har tana ƙyalli. Na karanta wa baffana ina jiran yabo. Da na kai nan sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya ɗan nan, wane mai?" Na ce, "Baffa, mai dai." Ya ce, "To ba ka san mutumin da kake ba da labarinsa ba. Man ƙarfe daban, man ice daban." Na ji kunya ƙwarai. Wannan tambayar ce ta sa na bi diddigin abin, kuma abin da na tarar shi ne na kawo muku yau.

Kalmomin sun zo ta arewa, kayan sun zo ta kudu

Mu fara da harshe, tunda shi ne jarinmu. Bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi daga ar-rasas, wato dalma. Kalmomin nan uku suna nuna mana ta inda Bahaushe ya fara jin labarin wannan makami: ta hanyar Sahara da Borno. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno yana da rundunar maharba bindiga da Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta. A 1591 sojojin Maroko ƙarƙashin Judar Pasha suka karya daular Songhai a Tondibi, kuma bindiga na cikin abin da ya ba su galaba.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci shigowar garkuwoyi daga Nufe da kuma bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743). Ya kuma ce Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ku lura da ambaton Nufe. Tun a lokacin hanyar kudu ta fara buɗewa, kuma ita ce daga baya ta cika ƙasar nan da bindigogi.

A bakin tekun Afirka ta Yamma 'yan kasuwar Turai sun daɗe suna musayar bindiga da bayi, da zinariya, daga baya da manja. Mutanen Denmak suna da sansani a Christiansborg da ke Ankara ta ƙasar Gana a yau, har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila. Daga sunansu ne Turawa suka laƙaba wa doguwar bindigar ƙanƙara sunan bindigar Denmak, ko da yake mafi yawan waɗanda aka kawo daga baya a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. Ita ce uwar wadda muke kira adaka, wasu su ce bindigar toka, masu barkwanci su ce harba-ka-ruga.

Waɗannan bindigogin na kasuwa ne, an yi su don araha. Ƙotar bindigar attajirin Landan da icen walnat ake yin ta. Ta kasuwar Afirka kuwa galibi da icen bich ne mai sauƙin kuɗi, a rina shi ja ko baƙi a ɗure a akwati. Ba wanda ya ɓata makonni yana shafa mata mai. Duk kulawar da icen zai samu, sai a hannun wanda ya saya.

Zazzau da 'yan bindigarta

Jihadin 1804 da kwari da baka da mashi da takobi aka yi shi. Lokacin da Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙi da Gobirawa a 1826, bindigogin da ya ƙirga 'yan ƙalilan ne cikin dubban mayaƙa. Sai a rabin ƙarshe na ƙarnin ne al'amarin ya juya, kamar yadda Joseph Smaldone ya yi bayani a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato. Jiragen 'yan kasuwar Turai suka fara hawo kogin Kwara, Etsu Masaba na Bida ya riƙe bakin cinikin, daga hannun Nufawa kuma bindiga da albarushi suka riƙa haurowa arewa.

A arewa Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi, har ana haɗa albarushi da ƙera igwa a birninsa. A gabas Rabeh ya ci Borno a 1893 da rundunar da ta dogara da bindiga. A nan Zazzau, M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau cewa Sarki Yero ya kafa rundunar bayi 'yan bindiga a ƙarshen ƙarni na 19, kuma Sarki Kwasau ya gaje ta. Zamani ne na hare-haren Ningawa da na mahara masu kama mutane. Wanda ke son jin yadda talaka ya ɗanɗana wannan zamanin ya nemi labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki tarihin rayuwarta aka buga a 1954. A kan iyakar Kano da Zazzau ta girma, maƙwabtanmu ne na kusa.

Turawa ma sun lura da yawan makaman. A yarjejeniyar Brasels ta 1890 suka hana sayar wa mafi yawan ƙasashen Afirka bindigogin zamani, suka bar ƙofar bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa a buɗe. Sakamakon ya bayyana a fili. Bayan sun kama Zariya a 1902, Kanar Morland ya tashi daga can a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji sama da 700, da igwa, da bindigogin Maksim. Ya bi ta Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Duk wanda ya san hanyar Zariya zuwa Bebeji ya san ƙasar Kudan da Maƙarfi ce a tsakani. Mai adaka yana ɗura ta baki yana dannawa da sanda, abokin karawarsa ya riga ya yi harbi goma.

Daga nan adaka ta bar fagen yaƙi ta koma hannun mutum uku: mafarauci, manomi mai korar birai da gyado daga gona, da 'yan bindigar sarki masu buga ta ranar hawan salla. Maƙeranmu suka koyi gyara ta, daga baya suka koyi ƙera ta gaba ɗaya. Ƙota kuwa ta zama aikin masassaƙi, wanda ya saba da ƙotar gatari da ta fartanya, da turmi da akushi.

Ice da abokan gabansa

Masassaƙin ƙasar nan ya san itatuwansa. Kanya tana da nauyi da ƙarfi, gara ba ta cika damunta ba. Maɗaci ja ne, yana sassaƙuwa, yana karɓar mai da kyau. Maɗobiya tana da zane mai kyau a jikinta. Kirya ta fi su tauri, shi ya sa ake turmi da ita, maƙera kuma suke son gawayinta, amma tana gajiyar da gizago, tana kuma gajiyar da kafaɗar mai saɓa ta yini guda. Kowanne aka zaɓa, sharaɗin farko shi ne ya bushe sosai a inuwa kafin a taɓa shi. Icen da aka sassaƙa ɗanye zai karkace ya saki ƙarfen da aka kwantar a cikinsa.

Babban abokin gabar ƙota a ƙasar nan shi ne sauyin yanayi. Ice ko ya mutu yana shan laima yana fitarwa. A watan Agusta iskar Zazzau cike take da danshi, sai ya kumbura. Da hunturu ya kama a Disamba da Janairu, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ya tsuke. Kumburin nan da tsukewar ta faɗi suke yi fiye da ta tsawo, ƙarfen da ke ɗaure da shi kuma ba ya bin sa. Shekara bayan shekara sai tsaga ta ɓullo, galibi a wuyan ƙota, inda icen ya fi siriri kuma inda bugun harbi ke sauka. Ƙara da gumin hannu, da raɓar asuba, da ruwan sama, da gara in an jingine ta a bangon ƙasa.

Aikin mai shi ne rage saurin shigar ruwa da fitarsa. Ba ya hanawa gaba ɗaya. Yana dai sa icen ya riƙa sauyawa a hankali, kuma sauyi a hankali ba ya tsaga ice kamar na farat ɗaya.

Mai mai bushewa da mai marar bushewa

Ga inda amsar tambayar baffana take. Man tsirrai iri biyu ne a wajen masu aikin katako. Akwai wanda in ka shafa shi siriri ka bar shi a iska, zai haɗu da iskar oksijin ya daskare ya zama wata fata mai tauri a cikin ƙofofin icen. Ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, rikiɗa yake yi. Akwai kuma wanda ko shekara ya yi yana nan a matsayinsa na mai, sai dai ya yi ɗoyi ya kama ƙura.

Masana suna auna wannan da abin da suke kira ma'aunin aidin. Man da ya haura 130 shi ne mai bushewa. Man 'ya'yan kittani, wanda kafintoci ke kira linsid, yana kaiwa tsakanin 170 da 200, shi ya sa ya zama sarkin wannan aiki a Turai. Man tung na ƙasar Sin shi ma mai bushewa ne, ya ma fi linsid tare ruwa. Man waken suya da na riɗi da na angurya suna tsaka-tsaki. Man gyaɗa yana wajen 90 zuwa 100, ba ya bushewa. Man kaɗanya da manja suna ƙasa da haka sosai.

Kun ga matsalar. Kittani ba amfanin gonarmu ba ne. Duk man da Allah Ya hore wa ƙasar Hausa da yawa, na ci ne da na shafawa a jiki, ba mai daskarewa a ice ba. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Likoro da Gimi, noman gyaɗa ya bunƙasa, man gyaɗa ya wadata a kowane gida da ake ƙuli-ƙuli. Mai bindiga ya samu mai a sauƙaƙe, sai dai ba wanda ya fi dacewa da icensa ba.

To me ya sa ƙotar kakana ta kai yau? Na tambayi tsofaffin mafarauta a Taba da kasuwar Maƙarfi, amsarsu kusan ɗaya ce. Man kaɗanya suka fi amincewa da shi, kuma kaɗan suke sawa. A lakato da yatsa, a murza a tafin hannu har ya narke, a shafa, a bar ƙotar ta ɗan sha hantsi, sannan a goge da tsumma har sai hannu bai ji maiƙo ba. Wasu sukan narka shi da kakin zuma. Hikimar a bayyane take: man kaɗanya daskararre ne in ba zafi, saboda haka ba ya nutsewa can cikin ice kamar man gyaɗa, kakin kuma yana toshe ƙofofin sama. Sauran aikin hayaƙin ɗaki da tafin hannu ne suka yi shi cikin shekaru. Baƙin nan da sheƙin nan da nake gani a zaure tarin mai ne da kaki da hayaƙi da gumi, an murza su sau dubbai.

Wanda ya yi wa ƙota wanka da man gyaɗa kuwa, da farko za ta yi kyau. Bayan 'yan shekaru icen zai jiƙe ya yi laushi, kusoshi su fara sakin jiki, ƙarfe ya fara motsi a mazauninsa. Tururuwa da ɓera ma su samu abin lasa.

Darasin bariki

Hanyar Turawa ta shigo mana ta ƙofar soja. Makarantar horar da kuratan soja ta Zariya an kafa ta a 1924, kuma samarin ƙasar Zazzau da yawa sun bi ta cikinta. A Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama tsakanin 1943 da 1945, Hausa ce ma harshen da yawancin sojojin Nijeriya ke magana da shi a cikinsu. Bindigar da suka riƙe ita ce Lee-Enfield mai harsashi .303, wadda ƙanwarta tsofaffin 'yan sanda ke kira Mak 4. Ƙotarta da walnat aka fara yi, da yaƙi ya tsananta aka koma bich da wasu itatuwan. A masana'anta tsoma ƙotocin ake yi cikin man linsid mai ɗumi su sha, a tsame su su tsane. A bariki ma linsid ne na ice, man bindiga kuma na ƙarfe.

Sojan da ya riƙe bindiga cikin ruwan saman Bama ya ga da idonsa abin da laima ke yi wa ice da ƙarfe. Waɗanda Allah Ya dawo da su gida sun dawo da wannan tarbiyya ta raba mai biyu. Ina kyautata zaton maganar baffana ta man ƙarfe daban, man ice daban, daga bakin irin waɗannan tsofaffin sojojin ta samo ƙarfi, don ya zauna da su a ƙuruciyarsa.

Su maƙeran bindigar farauta na Landan sun kai abin wani matsayi. Sukan kankare ƙota ta yi sumul, su ɗiga linsid kaɗan su murza da tafin hannu har ya yi zafi, su goge, su ajiye kwana ɗaya ko biyu, su sake. Haka za a yi ta yi makonni, wani lokaci watanni. Masu aikin katako a can suna da ƙa'idar da suke gaya wa almajirai: kullum har mako guda, duk mako har wata guda, duk wata har shekara guda, daga nan sau ɗaya a shekara muddin rai. Amfanin wannan a kan fenti shi ne in ƙota ta ƙarje, ɗigon mai da murza sun wadatar. Fenti kuwa in ya fashe ruwa zai shiga ƙarƙashinsa ya maƙale, sai an kankare duka.

Abu biyu game da linsid da ya kamata mai rubutu ya sani. Na farko, wanda ake sayarwa da sunan dafaffe an zuba masa sinadaran ƙarfe masu hanzarta bushewa, a da dalma, yanzu kobal da manganis, don haka ba a shafa shi a akushi ko ludayi ko muciya. Na biyu, daskarewarsa tana fitar da zafi. Tsumman da ya jiƙe da shi in aka dunƙule aka jefa a lungu yana iya kamawa da wuta da kansa, ba ashana ba garwashi. Shanya shi ake yi a buɗe ko a tsoma a ruwa. Mai neman sanadin gobara a labarinsa, ga guda nan na gaskiya.

Zamanin baƙin mai

Da motoci da injinan ban-ruwa da na matse rake suka yawaita a ƙasar Maƙarfi da Kudan da Ikara, sai wani sabon mai ya shigo kyauta: baƙin man da aka juye daga inji. Yana korar gara, yana baƙanta ice nan take, ba a biyan ko sisi. Mutane suka rungume shi, har a ƙotar bindiga. Illarsa ta fi ta man gyaɗa. Man inji ba ya bushewa har abada, yana ratsa icen ya kashe ƙarfinsa, kuma yana ɗauke da dattin ƙarfe da ba a so fata ta riƙa shafa. Ƙotar da ke manne da kuncin mutum ba wurinsa ba ce.

Akwai kuma kuskuren ajiya. In aka cika wa ƙarfe mai aka jingine bindiga bakinta sama, man zai gangaro ya taru daidai inda ƙarfe ya haɗu da ice, wato wuyan nan da ya fi rauni. Shi ya sa masana ke cewa a rataye ta a kwance ko a juya bakin ƙasa. Adakar kakana a kwance take a kan ƙusa biyu, kuma yanzu na gane ba don ado ba ne. Tokar albarushi ma tana jawo laima ta ci ƙarfe, shi ya sa tsofaffi ke wanke cikin bututun da ruwan zafi bayan harbi, su busar, sannan su bi da ɗan kitse ko man kaɗanya.

Wannan ba maganar kwalliya kaɗai ba ce. Ƙotar da ta ruɓe ko ta tsage tana iya karyewa lokacin harbi, ƙarfen ya dawo wa mai shi a fuska. A garuruwanmu ba a rasa dattijo mai guntun yatsu ko tabon ƙuna wanda tsohuwar bindiga ta yi wa haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafaraucin kirki tun kaka yake duba kayansa, kafin a yi gangar farautar rani.

A hukumance, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, na kai masu buƙatar lasisi na musamman, da masu ɗurin baki irin adaka, waɗanda su ma sai da izinin hukuma ake riƙe su. Ƙerawa ba tare da izini ba laifi ne. Gwamnati kuma ta kafa masana'antar makamanta, DICON, a Kaduna a 1964. Bindigogin zamani da yawa yanzu ƙotar roba ko ta ƙarfe gare su, ba ruwansu da mai. Sana'ar masassaƙin ƙota tana ƙarewa tare da masu ita.

Abin da ya shafe mu

Ku dubi abin da ya sami kalmar 'yan bindiga. A zamanin Babba Zaki da Yero tana nufin dakarun sarki. A ƙuruciyarmu tana nufin mutanen nan masu jajayen kaya da layu da ke cika filin hawan Daushe da ƙara da hayaƙi, yara na toshe kunne suna dariya. Yau in aka faɗe ta a rediyo gaban kowa faɗuwa yake yi. Cikin 'yan shekaru kalma mai tarihin ƙarni biyu da rabi ta koma sunan masu satar mutane. Yaron da aka haifa a 2015 bai san tana da wata ma'ana ba. Kuma a ƙauyuka da yawa na Arewa adakar nan ta mafarauta ce 'yan sintiri ke riƙewa suna fuskantar masu AK-47, kusan irin rashin daidaiton da kakanninmu suka gani a 1903.

In ba mu rubuta ba, wa zai rubuta? Smith da matarsa sun zo daga Ingila sun zauna da tsofaffinmu da alƙalami, shi ya sa yau muke da abin da za mu ambata game da Yero da Baba ta Karo. Abin da ba su tambaya ba ya tafi da masu shi. Ba su tambayi wane ice ake sara wa ƙota ba, ko a wane wata, ko wata nawa yake yi a inuwa, ko me ake haɗawa da man kaɗanya. Waɗannan suna nan a kan wasu tsofaffi a Paki da Hunƙuyi da Gubuci da Taba, kuma kowace damina ana rage su.

Darasin da na ɗauka daga baffana shi ne, mai karatu yana yarda da marubuci ne ta ƙananan abubuwa. In mafaraucinka ya lakato man kaɗanya daga ƙaramin ƙoƙo ya murza a tafi, ya goge wuyan ƙota, ya rataye ta a kwance, duk wanda ya tashi a gidan farauta zai ce lallai wannan ya sani, kuma zai bi ka har ƙarshen labarin. In ka ce mai kawai, ya gane daga nesa kake hange. Haka abin yake ga marini da majemi da masaƙi da mai dafa mazarƙwaila. Kowace sana'a tana da tata tambayar ta wane mai.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: ka nemi wani tsohon kayan aiki na ice a gidanku, ƙotar gatari ce, turmi ne, allo ne, akushi ne ko sandar kiwo. Ka sami wanda ya fi kowa tsufa a gidan ka yi masa tambaya uku: wane ice ne, wa ya sassaƙa, da me ake shafa masa. Ka rubuta amsar da kalmominsa, kada ka gyara masa Hausa. Ka kawo mana nan mu karanta, kalma 300 ta isa. 'Yan uwa na Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, muna son jin sunayen da kuke kiran adaka da sassanta a wajenku, don na san ba za su zama ɗaya da namu na Zazzau ba.

Ni dai na sauko da ta kakana a makon jiya, na share ƙura, na shafa wa ƙotar ɗan man kaɗanya da kaki yadda aka koya mini, na mayar da ita kan ƙusoshinta. Baffa yana zaune yana kallo. Da na gama ya ce, "Ka cika shi, sake gogewa." Na sake.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.